An Ci Moriyar Ganga, Kada A Yar Da Kwaurenta

Kowane ayari da zangonsa, kuma idan zango ya lalace ba a daɗewa ayarin zai watse. Wannan magana da fataken da suka sani ita ce ke tabbata a kan wasu tsuntsaye a gabashin Amurka, a wani mashigin teku da ake kira Delawaya, tsakanin jihar Delawaya da ta Niyu Jasi.

Kowace shekara cikin watan Mayu da na Yuni, musamman a tsakiyar wata da ƙarshensa sa'ad da teku ke tumbatsa, wata halitta takan fito daga ruwa dubu bisa dubu domin ta yi ƙwai cikin rairayin gaɓa. Turawa suna kiranta ƙaguwa mai kofaton doki saboda siffar ƙoƙon bayanta, ko da yake masana sun ce ta fi kusa da kunama da gizo-gizo bisa ga ƙaguwar da aka sani. Danginta sun haura shekara miliyan 400 a duniya. Mace guda takan zuba ƙwai wajen 80,000 a shekara, amma sai ta yi kimanin shekara 10 kafin ta isa haihuwa.

A daidai wannan lokaci ne baƙi ke sauka. Mafi shahara a cikinsu shi ne wani tsuntsun bakin ruwa mai jan ƙirji, kimanin girman kurciya, wanda Turawa ke kira Red Knot. Wasunsu sukan taso tun daga ƙurewar kudancin Ajantina da Chile, su nufi ƙasar ƙanƙara ta arewacin Kanada inda suke sheƙa, tafiyar kilomita wajen 15,000. Tsuntsun yakan iso Delawaya a rame, nauyinsa bai fi giram 120 ba, kuma tilas cikin mako biyu ya kai giram 180 kafin ya iya ƙarasa tafiyar. Guzurinsa kuwa shi ne ƙwan ƙaguwar nan.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Ƙaguwar takan binne ƙwanta da zurfin da bakin tsuntsun ba ya kaiwa. Sai fa idan matan sun yi cincirindo, wata tana tone ramin wata, sa'an nan ƙwai ke fitowa bisa rairayi ya zama abincin baƙi. Watau tsuntsun rarar yake ci. Saboda haka ko da ƙaguwar ba ta ƙare a duniya ba, muddin ta ragu har cincirindon ya kau, tsuntsun ya shiga uku.

Abin da ya faru ke nan. Cikin shekarun 1990 masunta suka dira a kan ƙaguwar, suna yin koto da ita don kama wani kifi mai kama da maciji da kuma dodon koɗi na teku. A ƙarshen shekarun nan ana kwasar fiye da miliyan 2 a shekara a gaɓar gabashin Amurka, kuma mata masu ƙwai aka fi so. Tsuntsayen da ake ƙidaya wajen 90,000 a mashigin cikin shekarun 1980 suka yi ta raguwa, har ƙidayar 2021 ba ta kai 7,000 ba. Tun 2014 Gwamnatin Amurka ta sa su cikin jerin halittun da ake jin tsoron ƙarewarsu.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan wanda ke Kano ko Ikko da wannan al'amari. Akwai ruwansa, domin jinin ƙaguwar nan ya shafi duk wanda aka taɓa yi wa allura. Jinin shuɗi ne saboda tagullar da ke cikinsa, kuma da zarar ya gamu da dafin ƙwayoyin cuta sai ya daskare. Wasu masana biyu, Frederik Bang da Jack Levin, su suka gano yadda za a yi gwaji da shi, kuma a 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajin. Tun daga nan da shi ake tabbatar da tsabtar mafi yawan alluran rigakafi da ruwan da ake ƙara wa majiyyata, maimakon zomayen da ake gwadawa a da. Akan kamo ƙaguwa dubu ɗaruruwa kowace shekara, a ɗebi jininsu a mai da su ruwa. Hukumar kamun kifi ta jihohin gaɓar Atlantika tana lissafin 15 cikin 100 nasu ba sa rayuwa.

Ba a ce hukumomi sun naɗe hannu ba. A 1998 aka ƙayyade kamun, a 2001 aka keɓe wani yanki na teku a bakin mashigin, a 2008 jihar Niyu Jasi ta kafa dokar hana kamun koto, kuma tun 2013 aka daina ba da izinin kama mata don koto a mashigin. Da aka kawo shawarar sassauta wannan a 2022, jama'a suka yi ca, aka bar hanin yadda yake. Bayan guguwar Sandy ta 2012 ta share rairayin gaɓa, an yi jigilar yashi an mayar. Akwai kuma masu aikin sa kai da ke bin gaɓa suna juya ƙaguwar da igiyar ruwa ta kifar.

Amma da sauran rina a kaba, domin dokar Niyu Jasi ba ta hana ɗibar jini ba. Alhali kuwa uzurin ya riga ya kau. Masana a Jami'ar Singafo sun ƙago sinadarin da ke yin aikin jinin ba tare da an taɓa dabba ba, yana kasuwa tun 2003. Hukumar ƙa'idojin magunguna ta Turai ta karɓe shi daga 2021, ta Amurka kuwa ƙa'idarta ta fara aiki a 2025. Abin da ya rage shi ne kamfanonin magunguna su bar tsohuwar hanya, ko da sauyin zai ci musu kuɗi da lokaci.

Masunta ma suna da hakki, gama sana'a ce da iyali ke ci daga gare ta. Ya kamata a taimake su da koton da zai maye gurbi, kada a bar su da hani kawai. Sai dai dabbar da ke shekara 10 kafin ta haihu ba ta farfaɗowa cikin gaggawa, don haka tilas hanin kama mata ya daɗe, kuma a auna nasara da yawan ƙwan da ke bisa rairayi da nauyin tsuntsun ranar tashinsa.

Kusan shekara 50 ke nan 'yan Adam suna kare lafiyarsu da jinin wannan baiwar Allah. Tun da an sami makwafinsa, adalci shi ne a ƙyale ta ta cika gaɓar teku kamar da, baƙinta su sami guzuri. Allah Ya sa masu iko su ji.