Idan Mai Haɗin Yaji Ya Tafi Gida, Wa Zai Riƙe Tukuba?

Yau ina so mu taɓa wata matsala da ta daɗe tana durƙusar da sana'ar abinci a tsakaninmu, wato dogaro da mutum ɗaya.

Duk wanda ya zagaya Luggere ko Doubeli ko Jambutu ko bakin babbar kasuwar Jimeta, zai ga yadda mutanenmu suka riƙe tukubar tsire da balangu, da teburin shayi, da gidajen burodi, da rumfunan masa da tuwo. Amma in ka lura, yawancinsu suna rataye ne a wuyan mutum guda: mai haɗa yaji, ko mai kwaɓin burodi, ko matar da ta san kan miya. Mai gida yana da jari, amma ilimin sana'ar yana cikin kan wani.

Abin ya fi shafar mu da zama ya kawo nan, domin da yawa daga cikin ma'aikatanmu iyalansu na Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Damagaram. Damina ta faɗi, za a je noma. Sallah ta zo, za a je gida. Ga biki, ga rasuwa. Tafiyar mako ɗaya sai ta koma wata biyu, kuma mai saye ba ya jiran kowa. Da ya ji ɗanɗano ya canza sau biyu, ya koma maƙwabta ke nan.

Ɗauki gidan burodi misali. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40, kwaɓi ya tashi da wuri; da hunturu kuwa sai ya yi nawa. Gwanin kwaɓi ya san yadda zai rage yis ko ya ƙara, da lokacin da zai sa a wuta. In wannan ilimi bai taɓa sauka a takarda ba, ranar da ya kwanta ciwo buhun fulawa mai kilo 50 na iya tafiya a banza, ga kuma tsadar da kaya suka yi tun bayan cire tallafin man fetur a 2023.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan hali ba. A 1948, wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, sun rufe gidan abincinsu a San Bernardino ta ƙasar Amurka na ɗan lokaci, suka rage yawan abincin da suke sayarwa, suka raba aikin gida-gida ta yadda kowane yaro zai iya koyon nasa cikin sauri. Tsarin nan ne Ray Kroc ya ɗauka daga 1955 ya baza a duniya. Ba cewa nake mu mai da tsirenmu abincin Turawa ba. Darasin shi ne, ɗanɗano ya tsaya a kan tsari, kada ya tsaya a kan lafiyar mutum ɗaya.

To, me za a yi? Na farko, a auna komai. "Ɗan kaɗan" ba ma'auni ba ne. A sayi sikeli, ko a ware gwangwani ɗaya da cokali ɗaya da ba a canzawa. Na biyu, a rubuta, da boko ko da ajami, wanda kuma bai iya ko ɗaya ba ya ɗauki bidiyon aikin a waya. Na uku, kowane aiki ya zama mutum biyu sun iya shi, kuma a bar na biyun ya riƙa yi shi kaɗai rana guda a mako tun gwanin yana nan. Na huɗu, a raba mai girki da mai karɓar kuɗi, a ajiye littafin ciniki da bashi, sannan mai gida ya san mahaucin da dillalin fulawa da kansa.

Na san wani zai ce, "Alhaji, in na koya wa yaro sirrina, gobe zai buɗe tasa tukubar a gabana." Gaskiya ne, yana iya faruwa. Amma ai kana iya haɗa yajinka da kanka a gida, ka ba yara a ƙulle, su dai su san awon da za su zuba. Kuma yaron da ya yi niyyar tafiya zai tafi, ko ka koya masa ko ba ka koya ba.

Kada kuma a ɗauka wannan dabarar korar gwani ce. Mutumin da ya shekara goma a bakin wuta ya cancanci hutu da ƙarin albashi in ya horar da wasu. In ya ga ana mutunta shi, ba zai ɓoye abin da ya sani ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya sa 'ya'yanmu su gaje shi da rai. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.