A Kashe Data, A Bar Layi A Buɗe



A watan Satumba na 2021 gwamnatin Alhaji Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai. Aka kwashe watanni a haka. To, ku tambayi manya abin da ya fi damunsu a lokacin. Za ku ji rashin jin muryar ɗa da ke ci-rani a Legas, da rashin hanyar sanar da ƙauyen gaba cewa an hango babura sun fito daga dajin Rugu. Da wuya ku sami mai ce muku Facebook.

Shi ya sa ba zan ce ku jefar da waya ba. A wannan yanki namu kira ɗaya yana iya ceton gari guda. Abin da nake so ku rage shi ne kwana a kan WhatsApp da TikTok.

Kai ɗalibi, likitocin barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. In ka kai ƙarfe ɗaya kana latse-latse, ga asuba na jiranka, yaushe hadda za ta zauna? Kuma me ake kallon? Sau da yawa hotunan gawarwaki ne da saƙon murya na wani da ba a san ko wane ne ba, yana rantsuwa ga su nan tafe. Sai gida ya rikice, tsohuwa ta kwana a zaune da ƙullin kayanta, gari ya waye a tarar hoton tsoho ne, na wata jiha ma. Suratul Hujurati, aya ta 6, ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Kamfanin WhatsApp kansa, saboda irin wannan ɓarna, a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda.

Ga kuma batir. Kuɗi ake biya wajen mai caji, amma bidiyo ya cinye shi kafin sha biyun dare. In kiran gaskiya ya zo ƙarfe biyu, waya a mace.

Don haka da an sallame Isha'i a kashe data, a bar layi a buɗe, a ajiye wayar inda kowa zai ji ƙararta. Labarin tsaro kuwa, a kira mai unguwa ko wanda ke wurin a ji daga bakinsa kafin a tura wa kowa.

Iyaye, a yi mini afuwa, dokar nan har da ku. Yaron da ya ga hasken waya a ɗakin Baba ƙarfe sha biyu ba zai miƙa tasa ƙarfe tara ba.