Noni ɗan itace ne, ba zai maye gurbin ƙwayar likita ba

Duk mai bin tallace-tallacen WhatsApp da TikTok ya ci karo da kwalbar ruwan noni, wadda masu tallarta ke cewa tana maganin ciwon suga, hawan jini, sanyin ƙashi, rashin haihuwa, har da ciwon daji. 'Yan ci-rani da ke Kwatano, Abijan ko Faransa na cikin waɗanda tallar ta fi kamawa, domin kowa na son ya aika wa tsohuwarsa a Maraɗi ko Tawa abin da zai ƙara mata lafiya. Niyyar tana da kyau, amma kafin a fitar da kuɗi ya kamata a san abin da ake saye.

Noni bishiya ce da masana ke kira Morinda citrifolia, dangin bishiyar kofi. Asalinta kudu maso gabashin Asiya ne da arewacin Ostareliya, daga nan mutanen Polinesiya suka yaɗa ta a tsibiran tekun Pasifik kamar Tahiti da Hawai. 'Ya'yanta in sun nuna wari gare su mai ƙarfi, shi ya sa a tsibirai da dama ba a cika cin su ba sai lokacin yunwa. Mutanen can suna dafa ganyen, suna ɗora shi a kan rauni ko gaɓa mai ciwo, suna kuma fitar da rini ja da rawaya daga saiwar. Wannan shi ne amfanin yau da kullum da aka san ta da shi tun kaka da kakanni.

Sunan da noni ya yi a duniya kuwa kasuwa ce ta yi masa. A 1996 wani kamfani mai suna Morinda a jihar Utah ta Amurka ya fara sayar da ruwansa ta tsarin nan na kawo mutum ka samu kamasho. Bayan shekara biyu, a 1998, manyan lauyoyin gwamnatin wasu jihohin Amurka suka tilasta wa kamfanin daina iƙirarin warkar da cututtuka ba tare da hujja ba. Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da ruwan a 2003, amma a matsayin abinci, kuma kwamitin masananta ya ce bai ga shaidar cewa ya fi sauran ruwan 'ya'yan itace amfani ba.

Hakan ba ya nufin noni fanko ne. Ɗanyensa na ɗauke da bitamin C da sinadarin fotashiyam, kuma gwaje-gwajen da aka yi a ɗakin bincike da kan ɓeraye sun nuna wasu sinadaransa na rage kumburi. Sai dai abin da ya yi aiki a jikin ɓera ba lalle ne ya yi a jikin mutum ba. Har yanzu babu ingantaccen gwaji a kan mutane da ya tabbatar yana warkar da suga, hawan jini ko daji.

Babbar matsalar ita ce waɗanda aka fi saya wa noni su ne ya fi iya cutarwa. Fotashiyam ɗin da ke cikinsa ya yi kusa da na ruwan lemon zaƙi. Ƙodar mai lafiya tana fitar da rarar a fitsari, amma ƙodar da suga ko hawan jini suka daɗe suna ci ba ta iyawa, sai sinadarin ya taru a jini ya rikita bugun zuciya. Haɗarin na ƙaruwa ga mai shan ƙwayoyi irin su captopril, enalapril ko spironolactone, domin su ma suna riƙe fotashiyam a jiki. Haka kuma a 2005 likitoci a Ostiriya sun ba da rahoton mutanen da hantarsu ta taɓu bayan shan ruwan noni. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ba ta samu hujjar cewa shi ne sanadi ba, amma daga baya ta ce wasu mutane na iya zama masu saurin cutuwa da shi. Mai ciwon hanta da mai juna biyu gara su bar shi.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne dattijon da zai ajiye ƙwayoyinsa saboda ɗansa ya aiko da "maganin waje". Hawan jini ba ya sallama. Mutum na jin garau har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye. Mai tallar da ya yi alkawarin waraka ba za a gan shi a bakin gadon asibiti ba.

In bitamin C ake nema, garin kuka, gwaiba, lemo da mangwaro na nan a kasuwannin Yamai da Damagaram, ga zogale da kowane gida ya san daɗin kwaɗonsa. Kuɗin kwalba guda zai fi amfani in aka sayi na'urar awon jini, aka biya gwajin suga da na ƙoda, aka kuma tabbatar ƙwayoyin wata ba su yanke ba.

Mai lafiya da ke sha'awar noni yana iya shansa kaɗan kamar kowane abin sha. Mai ciwo kuwa ya kai kwalbar gaban likitansa tukuna. Hukumomin lafiya da kafofin watsa labarai su ma da nasu aikin: duk wanda ya tallata abin sha da sunan maganin daji, a nemi ya kawo hujja kafin a ba shi fili.