Zancen wata: Lanho da tikitin kasuwa

Ƴan uwa manoma da ƴan tireda, tsofaffinmu ba su manta da lanho ba. Wani ya saida akuya, wani har hatsin iri, don kar dogari ya tsaya mashi ƙofar gida. Seyni Kunce ya hau mulki a 1974, bayan babban fari. Daga baya kuɗin uraniyom na Arlit suka ba gwamnati halin soke nata lanhon, aka bar na gunduma.

To amma kuɗin kasuwa na nan. Mai faifan goro da mai kanti uku ba ɗaya ba ne, a yanke ma kowa daidai ƙarfinshi. Kai kuma in ka biya, ko dala biyar ce, amshi tikiti ka adana. In babu shi, kafin la'asar wani mai karɓa na iya sake tare ka.