ZAUREN ILIMI: Ƙauyen da Aka Gina a Ƙarƙashin Bahar Maliya

Mu mutanen Khartum da Umdurman, in aka ce ruwa, Nilu muke tunawa. Bahar Maliya kuwa mun san shi ne a matsayin tekun da kakanninmu suka ƙetare daga Sawakin zuwa aikin Hajji. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa an taɓa gina ƙauye a ƙarƙashinsa.

A shekarar 1963 wani Bafaranshe masanin teku, Jak Kusto, ya kafa gidajen ƙarfe a Sha'ab Rumi, arewa da Bur Sudan. Babban gidan yana da siffar tauraro, a zurfin mita 10, kuma mutane suka yi kwana 30 a cikinsa. Can ƙasa, a zurfin kusan mita 30, mutum biyu suka yi mako guda a wani ɗan ɗaki.

Ƙofar gidan a ƙasa take, a buɗe, amma ruwa ba ya shiga. Ku sa yara su kife kofi cikin bokitin ruwa, za su ga iskar ciki ta hana ruwan hawa. To, haka abin yake. Jiragen ruwa da ke sama su ne suke turo iska da wutar lantarki da abinci. Suna da kuku da likita, har da aku. Kullum sukan fita su kama kifi da rai, su yi nazarin murjani, su ɗauki hoto, sannan su dawo ga zafi da gumi. Mutum biyun nan na ƙasa iskar da aka gauraya da hiliyam suke shaƙa, wadda take sa murya ta zama siririya kamar ta yaro.

Me ya sa suka tare a can? Mai nutso in ya daɗe a zurfi, iska takan narke cikin jininsa. In ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa, kamar an buɗe kwalbar lemo, har takan kashe mutum. Dole ya hau sannu sannu. Wanda yake kwana a ƙasa kuwa sau ɗaya zai sha wannan jira, ranar fitowa.

Da aka gama an kwashe gidajen, aka bar rumfar ƙaramin jirginsu na nutso, murjani ya lulluɓe ta.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai iyalanmu da yawa Bur Sudan, yara suka ga teku ido da ido. A garin akwai Jami'ar Bahar Maliya, wadda aka kafa a 1994, inda ake koyar da ilimin teku da kamun kifi. Baƙi sun taso daga Faransa don su san abin da ke cikin ruwanmu. Iyaye, kada mu ce wa yaro karatu sai likitanci ko injiniya. In ya nuna sha'awar teku, mu ƙarfafa masa gwiwa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin. Sai wata mai zuwa.