Kafin A Ɗauko Dorina

Da wuya a sami gidan da ba a taɓa ƙirga naman miya aka tarar babu yanka ɗaya ba. Abin da yakan biyo baya kuwa duk mun san shi: a tara yara, a shinshina hannuwa, wanda aka kama ya sha dorina, daga ranar kuma sunansa ya koma Ɓarawo a bakin kowa, har da ƙannensa. A wasu gidajen, Allah ya kiyaye, har wuta akan ɗosana wa yaro a yatsa, wai don gobe. Mu da muke karatu a jami'a, da yayyenmu da suka riga suka kama aikin gwamnati, mu ne iyayen da wannan shari'a za ta zo gabansu, saboda haka ya kamata mu tattauna ta tun ba ta iso ba.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, wane yaro ne yakan ɗauki abinci? In an lura, sau da yawa ɗan riƙo ne, ko maraya, ko wanda aka saki uwarsa ta bar shi a hannun kishiya, ko yarinyar da ma'aikaci ya ɗauko daga ƙauye don ta taya matarsa aiki. Watau mai cin saura bayan 'ya'yan gida sun ƙoshi, wanda bai tabbata gobe za a tuna da shi ba. Irin wannan yaro, ko an cika masa kwano, sai ka tarar ya ɓoye ƙanzo a ƙarƙashin tabarma har ya yi fumfuna, domin yunwar jiya ba ta bar zuciyarsa ba tukuna.

Wani likitan Ingila, John Bowlby, ya buga bincike a 1944 a kan yara 44 da aka kai asibitinsu a Landan saboda sata. Ya tarar 17 daga cikinsu an raba su da uwayensu na tsawon lokaci kafin su cika shekara biyar, alhali a cikin wasu yara 44 da ba sa sata, biyu kaɗai suka sha irin wannan rabuwa. Lalle binciken ƙarami ne, masana kuma sun soke shi, amma ya isa ya sa mu duba yawan sakin aure da riƙo a tsakaninmu. Ba ma sai mun haye teku ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin bayin Haɗib da suka saci taguwa suka yanka. Da Sayyidina Umar ya gane ubangidansu yana barin su da yunwa, sai ya ɗora masa biyan ninkin kuɗinta, dirhami 800. Ashe tun can akan tuhumi mai riƙe da mabuɗin rumbu.

Batun ɓarnar kayan wasa kuwa, a ganinmu rabinsa laifin zamani ne. Da muna ƙanana motar kara muke yi, ko ta langa-langa, 'yan mata kuma suna gina tukwanensu da yumɓu. In ta karye, wanda ya ƙera ta shi zai gyara, ba mai yi masa tsawa. Yanzu uba yakan kashe rubu'in albashi ya sayo motar batir, a kulle ta a kabad, ba a fito da ita sai an yi baƙi. Ranar da yaro ya samu ya ɓalle ta don ya ga abin da ke juya ƙafafun, sai a ce ba ya jin magana. Amma fa wanda ke yayyaga littafin ƙaninsa, ko ya sa reza ya keta rigar sallar 'yar uwarsa, nasa dabam ne: kishi ne yake faɗa da hannu tun da ba a ba bakinsa dama ba. Wannan sai a binciki yadda ake rabon kaya da fara'a a gidan.

Za a ce muna so a sangarta yara, a tuna mana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tanƙwarawa aka ce, ba a ce a karya ba. Mu ma ba mu yarda a ƙyale yaro ba. Wanda ya ɗauki ƙosan mai talla, a riƙe hannunsa a kai shi ya biya, ya ba da haƙuri. Wanda ya fasa motarsa da gangan kada a saya masa wata, ya zauna da gutsattsarinta ya ɗaure da waya. A yi masa faɗa a ɗaki, ba a tsakar gida gaban tsararrakinsa ba, kada kuma a laƙaba masa suna, gama yaron da ya ji kowa ya gama yanke masa hukunci ba shi da sauran abin da zai tsare.

Abinci dai a fitar da shi daga cikin horo baki ɗaya. A tsayar da lokacin ci, a zuba wa ɗan riƙo tare da ɗan gida a kwano guda, a ajiye ɗan gyaɗa ko rogo inda kowane yaro zai iya ɗauka ba tare da roƙo ba. In an yi haka wata biyu yaro bai daina neman abinci ba dare ba rana, ko yana ci yana ramewa, to a kai shi asibiti a duba tsutsar ciki da ciwon sukari.