Kusurwar Turanci: "Ya ce zai zo"

Wata 'yar aji biyar daga Mabera ta aiko da tambaya: me ya sa malaminsu ya soke mata "Musa said he will come"?

Hausarmu ce ta ja ki, ƙanwata. Musa ya ce "zan zo", mu kuma mu ce "Musa ya ce zai zo". Za ɗin nan ba ta motsi. A Turanci kuwa, da an fara da said, sai kalmar ta ja da baya: will ta koma would, can ta koma could, may ta koma might. Amsar ke nan: "Musa said he would come." A hira za ki ji ana barin will idan lokacin zuwan bai wuce ba, amma a WAEC da NECO ki bi ƙa'ida.

Would, could, might, should da ought to ba sa canzawa.

Must ce mai rikici. Idan tilas take nufi, kamar ɗan kabu-kabu ya ce "I must reach Gawon Nama before sunset", sai ta zama had to: "He said he had to reach Gawon Nama before sunset." Idan hasashe ne, misali ka shigo gida daga ranar Sakkwato ta watan Afrilu, Inna ta ce "You must be thirsty", must tana nan daram: "Inna said I must be thirsty." Wanda ya rubuta had to a nan, ya mayar da ƙishirwa doka.

Aikin mako: Malam ya ce, "You may go, but you must return by four." Ku juya, ku aiko.